Layin Ambaliya a Taswira da Abin da Rafin Dutse Ke Iya Yi

Birane da yawa a duniya sun kafu ne a gindin tsaunuka, kuma kusan kowannensu yana da ƙananan rafuka da ke gangarowa daga kwazazzabai su ratsa unguwanni kafin su faɗa babban kogi ko teku. Mafi yawan kwanakin shekara irin waɗannan rafuka ba su da ruwan da zai kai wa yaro gwiwa, wasu ma ƙafewa suke yi ƙurmus, shi ya sa mazauna birni da hukumominsa suke ɗaukar su tamkar magudanar ruwa da aka samu kyauta. Idan aka zo rabon filaye, sai a nemi injiniya ya yi lissafi, ya ja layi a taswira, a ce daga nan zuwa nan ruwa yana iya kaiwa, daga nan zuwa can kuma kowa ya gina abin da ya ga dama. Ra'ayina shi ne lissafin wajibi ne, amma yadda aka saba yin sa a kan rafukan duwatsu yana karkata zuwa rage girman hatsari, kuma hukumar da ta miƙa wa jama'a layi guda ɗaya ba tare da ta bayyana musu raunin da ke cikinsa ba ta yi musu alkawarin da ba ta da ikon cikawa.

Tushen rashin fahimtar yana cikin ma'aunin da aka fi amfani da shi, wato abin da ake kira ambaliyar shekara ɗari. Mai jin wannan suna yakan zaci cewa idan ta auku bana, to an huta sai jikoki. Ainihin ma'anarsa kuwa ita ce ambaliyar da yiwuwar aukuwarta ya kai kashi 1 cikin 100 a kowace shekara, ko an yi ta bara ko ba a yi ba. Idan aka tara wannan yiwuwa na tsawon shekara 30, wanda bai kai rayuwar gida mai kyau ba, sai ya zama kusan kashi 26 cikin 100. Mutumin da ya gina gidansa daidai kan layin yana da damar da ta ɗara ɗaya cikin huɗu ta ganin ruwan a ɗakinsa kafin 'ya'yansa su gaje shi. Wannan lissafi yana da wata fuska da ba a cika juyowa a duba ba, kuma ita ce ta fi damuna: idan an shekara 30 ana auna wani rafi, akwai yiwuwar kusan kashi 74 cikin 100 cewa babbar ambaliyar ba ta zo ko sau ɗaya a cikin waɗannan shekaru ba. Injiniyan da aka ba shi irin wannan gajeren tarihi yana ƙoƙarin kwatanta girman abin da ma'auninsa bai taɓa gani ba, ta hanyar miƙar da layin da alƙaluman suka zana zuwa inda babu shaida. Hanyoyin ƙididdigar da ake bi, irin wadda ke ɗauke da sunan masanin lissafi Emil Gumbel, ingantattu ne a fagensu, sai dai ba za su iya ƙirƙiro labarin da ba a ba su ba.

Abin da ya faru a kwarin kogin Ahr na ƙasar Jamus a watan Yulin 2021 ya isa a tsaya a kansa, domin ya auku ne a ƙasar da ba wanda zai zarge ta da rashin ƙwararru ko kayan aiki. Ahr ƙaramin kogi ne da ke bi ta matsattsen kwari tsakanin tuddan Eifel, kuma an fara auna shi a kai a kai ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ambaliya mafi girma da ma'aunin garin Altenahr ya rubuta kafin wannan shekara ita ce ta 2016, lokacin da ruwa ya kai mita 3.71, kuma da irin waɗannan alƙaluma aka zana taswirorin hatsari na yankin. A daren 14 ga Yulin 2021 ma'aunin ya daina aiko da bayani bayan ruwa ya wuce mita 5, ruwan ya lalata shi, daga baya kuma aka ƙiyasta daga alamun da ya bari a jikin gine-gine cewa tsayinsa ya kusanci mita 10. Mutum sama da 130 suka mutu a wannan kwari kaɗai. Abin takaicin shi ne kogin ya taɓa yin irin wannan ɓarna a 1804 da kuma 1910, labarin yana rubuce a kundayen tarihin garuruwan, har masu bincike na Jami'ar Bonn sun buga ƙiyasin girman waɗannan tsofaffin ambaliyoyi tun 2014, inda suka nuna cewa ta 1804 ta ninka duk abin da aka auna a zamanin nan sau da dama. Ba a saka su cikin lissafin hukuma ba saboda ba ma'auni ne ya rubuta su ba. Aka fifita alƙaluma masu tsabta na shekaru saba'in da 'yan kai a kan shaida mai ƙura ta shekara ɗari biyu, alhali ita ce ke ɗauke da amsar tambayar da ake yi.

Ko ma'aunin ya tsira, abin da yake faɗa a lokacin babbar ambaliya abin tuhuma ne. Ma'auni tsayin ruwa yake aunawa, sannan a juya tsayin zuwa yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa ɗaya ta hanyar dangantakar da aka gwada a ranakun da rafin yake kwance. A rafin dutse kuwa ƙasan rafin kansa yana sauyawa cikin sa'a guda, nan ya rarake, can ya cike da tsakuwa, don haka dangantakar ta rushe daidai lokacin da ake bukatarta. Haka ma'aunin ruwan sama: hadarin da ke haddasa irin wannan ambaliya faɗinsa kan zama 'yan kilomitoci, tsauni kan tilasta wa iska mai laima hawa sama ta juye ruwanta a wuri guda, kuma sau da yawa ma'aunin da ya fi kusa yana filin jirgin sama ne a can ƙasa, inda yayyafi kawai aka yi. Ƙananan rafuka masu yawa ma ba su da ma'auni ko ɗaya, sai dai a aro alƙaluman wani rafi da ake ganin sun yi kama.

Babban kuskuren, a ganina, shi ne ɗaukar cewa ruwa ne kaɗai zai sauko. Manhajojin kwamfuta da aka fi amfani da su, kamar HEC-RAS ta injiniyoyin sojan Amurka, an fara gina su ne domin kogunan da ke tafiya a hankali cikin hanya tabbatacciya, kuma dabarar injiniya Robert Manning ta ƙarni na 19 da ake lissafa saurin ruwa da ita tana rauni a gangare mai tsanani mai cike da manyan duwatsu. Sabbin nau'o'in manhajojin suna iya kwaikwayon laka, amma sai wanda ke aikin ya yarda tun farko cewa laka ce za ta zo. Idan ruwan sama mai ƙarfi ya jiƙa gangaren tsauni har ƙasa ta zaftare ta faɗa rafi, abin da ke fitowa daga kwazazzabon cakuɗe ne na taɓo da tsakuwa da itatuwa, wanda rabinsa ko fiye ƙasa ce da duwatsu, nauyinsa ya kusan ninka na ruwa, yana iya ɗaukar dutse mai girman mota, kuma ƙololuwar kwararsa kan ninka ta ruwa zalla sau da yawa daga ruwan sama iri ɗaya. Bangon da zai jure ruwa mai zurfin mita ɗaya ba zai tsaya a gaban wannan ba.

A inda rafin ya fito daga matsin duwatsu ya shiga fili, gudunsa kan ragu ya sauke kayansa, kuma cikin dubban shekaru wannan saukewa takan gina wata shimfiɗa mai siffar mafici. Wurin yana jan hankalin masu gini: yana da ɗan tudu, ruwa ba ya kwanciya a kansa, ga iska, ga kallo mai kyau. Amma duk ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafar mai ginin rafin ne ya kawo ta, wato babu wani sashe na shimfiɗar da rafin bai taɓa bi ta kansa ba. Hanyar da yake bi yau ta wucin gadi ce, kuma da zarar ta toshe da duwatsu zai tsallake ya buɗe sabuwa ta tsakiyar unguwa. A gaɓar tekun jihar Vargas ta Venezuela, inda tsaunuka suka matso teku har ba a da filin gini sai irin waɗannan shimfiɗu, ruwan saman tsakiyar Disambar 1999 ya sauko da laka da duwatsu a kan garuruwa kamar Caraballeda, kuma ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga dubu goma zuwa dubu talatin, domin an binne da yawa ko an kwashe su zuwa teku. Garin Mocoa na Kolombiya ya ga irin wannan a daren 31 ga Maris na 2017, inda mutum sama da 300 suka rasu. A Freetown ta Saliyo, ranar 14 ga Agustan 2017, zaftarewar wani ɓangare na dutsen Sugar Loaf ta rikiɗe ta zama kwararar laka da ta bi kwarin rafi har cikin birni, aka lissafa mutum 1,141 da suka mutu ko suka ɓata. Layin da aka ja a gefe biyu na hanyar rafi ba ya cewa komai game da irin waɗannan wurare.

Sai kuma gadoji da kwalbatoci, waɗanda a cikin kwamfuta kullum a buɗe suke. A zahiri itace ɗaya da ya gitta a bakin kwalbati ya isa ya tare rassa da shara da motoci har wurin ya zama madatsa, ruwa ya taru a baya ya malala kan titi, sannan toshiyar ta ɓalle gaba ɗaya ta afka wa na ƙasa. A kwarin Ahr gadoji sama da 60 ne suka rushe, kuma toshewarsu ta ƙara tsayin ruwan a wurare da dama. Duk ƙiyasin da bai gwada abin da zai faru idan kowace gada ta toshe ba, rabin aiki ne.

Mafita ta farko ba ta da tsada, sai dai tana bukatar a sauka daga ofis a taka rafin da ƙafa. Rafi yana barin tarihinsa a jikin ƙasa. Manyan duwatsun da ke zaune a tsakiyar fili nesa da tsauni wani abu ne ya kawo su, kuma daga girmansu ana iya ƙiyasta ƙarfin abin. Tabon da dutse ya yi wa itace yana nan a cikin zoben shekarar da aka ji masa rauni, don haka ana iya sanin shekarar da kuma tsayin da kwararar ta kai. Siraran shimfiɗun yashi da ambaliya ke ajiyewa a lungunan kwazazzabo ana iya gano shekarunsu ta hanyar gwajin gawayin da ke cikinsu. Ga tsofaffin jaridu da rahotannin hukuma da alamun da aka sassaƙa a jikin gine-gine, ga kuma dattawan da za su nuna inda ruwa ya tsaya a zamanin iyayensu. Masana ba su raina wannan shaida ba: jagorar lissafin ambaliya ta gwamnatin Amurka da aka sabunta a ƙarshen shekarun 2010, wadda ake kira Bulletin 17C, ta tanadi hanyar haɗa irin waɗannan bayanai marasa cikakken adadi da alƙaluman ma'auni. Ba a bukatar sanin ainihin girman tsohuwar ambaliya. Sanin cewa ta wuce wani tsayi, ko cewa an yi shekaru kaza ba a wuce shi ba, yana gyara lissafin sosai.

Duk da haka, tarihi komai tsawonsa yana ba da labarin rafin jiya ne. Iska tana iya riƙe ƙarin tururin ruwa na kusan kashi 7 cikin 100 a duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya na ma'aunin Salsiyos, kuma gajeren ruwa mai ƙarfi, irin wanda ƙananan rafuka suka fi jin jikinsa, yana daga cikin abubuwan da ɗumamar duniya ke tsanantawa. Birnin kansa ma yana sauya rafin, saboda kowane rufi da kowace kwalta da aka shimfiɗa a saman gangare suna hana ƙasa shan ruwa, suna aika shi ƙasa da sauri. Gobarar daji kuwa tana iya sauya lissafin cikin mako guda. A garin Montecito na jihar Kalifoniya ta Amurka, makonni kaɗan bayan gobara ta cinye tsaunukan da ke bayan garin, ruwan da ya kai kimanin milimita 13 cikin minti biyar a ranar 9 ga Janairun 2018 ya tayar da kwararar laka da ta kashe mutum 23. Taswirar da aka zana shekara goma da suka wuce tana iya zama ta wani rafi dabam da wanda ke gudana yanzu.

Akwai masu cewa tunda ƙiyasi ba ya da tabbas, gara a kashe kuɗin a kan jiniyar gargaɗi da katangun kariya. Gargaɗi yana ceton rai, ban musa ba, amma ƙaramin rafin dutse kan cika cikin ƙasa da sa'a ɗaya bayan saukar ruwa, kuma bala'o'in Mocoa da Montecito da Freetown duk sun zo ne cikin dare ko da sassafe, mutane suna barci. Su ma gine-ginen kariya suna da nasarorinsu. Madatsar Medeu da aka gina a saman birnin Almaty na Kazakistan ta hanyar fasa duwatsu da nakiya a 1966 da 1967 ta tare gagarumar kwararar laka a watan Yulin 1973, ta ceci birnin. Sai dai kowace katanga an gina ta ne bisa wani ƙiyasi, don haka raunin ƙiyasin yana biye da ita, kuma tana jawo mutane su matso su gina a bayanta. A Biescas ta Sifaniya, ranar 7 ga Agustan 1996, ƙananan madatsun da aka yi domin tare tsakuwa sun ɓalle suka ƙara wa ruwan kaya, aka rasa mutum 87 a wani sansanin masu yawon buɗe ido da aka kafa a bakin kwazazzabo, kuma daga baya kotu ta ɗora wa hukumomi alhaki domin an yi musu gargaɗi a rubuce kafin a ba da izinin. Birnin Derna na Libiya ya yi asarar dubban rayuka a Satumbar 2023 lokacin da madatsu biyu da aka gina domin kare shi suka rushe a dare ɗaya.

Hujjar da ta fi nauyi a kan matsayina ta shafi ƙasa da talauci, kuma ba zan yi kamar ba ta da ƙarfi ba. Faɗaɗa yankin hatsari yana karya darajar filaye, yana hana birnin da duwatsu suka riga suka matse samun wurin faɗaɗa, kuma a biranen da ba a mutunta haƙƙin marasa galihu taswirar hatsari takan zama takardar izinin rusau, a kori talaka daga bakin rafi da sunan ceton ransa, bayan shekara biyu a ga wani dogon bene a wurin. Wanda ya zauna a bakin kwazazzabo yawanci ya san da hatsarin, abin da ya rasa shi ne wani wurin da zai iya biya kusa da inda yake neman abinci. Amma ɓoye hatsarin ba ya magance ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, sai dai ya bar mai sayen fili cikin duhu, ya bar mai sayarwa da riba. Jafan ta ɗanɗana wannan. Bayan zaftarewar ƙasa ta Hiroshima a 1999 ta kafa dokar da ta wajabta ware yankunan hatsari, amma aikin ya yi ta jan ƙafa, a wani ɓangare saboda fargabar faɗuwar farashin filaye, har laka ta sake afka wa unguwannin arewacin birnin a Agustan 2014 ta kashe mutum sama da 70, galibi a wuraren da ba a kai ga ayyana su ba. Sai bayan nan aka gyara dokar aka tilasta wa hukumomi bayyana sakamakon bincike da zarar an kammala shi, ihu bayan hari.

Abin da nake nema daga hukumar birni shi ne ta daina ba da layi ɗaya, ta ba da yankuna masu mataki-mataki, ta kuma rubuta a fili shekarun ma'auni nawa aka dogara da su, da tsofaffin ambaliyoyin da aka saka da waɗanda aka bari, da faɗin kuskuren da ke tattare da adadin. Suwizalan tana da tsarin da ya cancanci dubawa: jan yanki an hana sabon gini, shuɗi ana gini da sharuɗɗa, rawaya ana faɗakarwa, sannan akwai wani yanki na daban da ke nuna inda bala'in da ba a cika gani ba zai iya kaiwa, kuma launin ya dogara ne a kan yawan aukuwa da kuma ƙarfin abin da zai zo. Inda shaida ta yi ƙaranci, a faɗaɗa yankin, a bar wa mai son gini nauyin kawo binciken da zai nuna cewa a rage shi. Asibiti da makaranta da gidan tsofaffi kuwa a auna su da ambaliyar da ta fi ta shekara ɗari nesa ba kusa ba, domin mutanen cikinsu ba sa iya gudu. Game da waɗanda suka riga suka zauna a jan yanki, dokar da ta ja layin ita ce ya kamata ta tanadi kuɗin sauya musu matsuguni, ta kuma haramta mayar da filin hannun wani mai gini.

An taɓa yin haka. A daren 9 ga Yunin 1972 ruwan da ya kai milimita 380 a wasu wurare ya sauka cikin kimanin sa'a shida a kan tsaunukan Black Hills na jihar Dakota ta Kudu a Amurka, rafin da ke ratsa birnin Rapid City ya ɗauko ruwan da ya ninka mafi girman abin da aka taɓa aunawa fiye da sau goma, madatsar tafkin Canyon ta toshe da tarkace ta ɓalle, mutum 238 suka mutu. Shugabannin birnin sun ƙi yarda a sake gina gidajen kwana a hanyar ruwan. Da tallafin gwamnatin tarayya suka sayi filayen, suka biya masu su, suka mayar da gaɓar rafin lambuna da filayen wasa da hanyoyin keke, waɗanda ruwa zai iya mamayewa ya janye ba tare da ya tarar da kowa a gado ba. Sun ja iyakar ne bisa abin da rafin ya nuna musu a daren, kuma har yau birnin yana fama da masu neman a sassauta dokar a ba su wani yanki na filin su yi gini.